Matar Dokta a Ƙofar Kemis

Ni na fara gani, kuma a wajen awon riga na gani. Ƙanwata, wadda duk gidanmu muke kira Auta, ta zo shagona in yi mata ɗinki, don tun da ta haihu rigunanta suka matse ta. Ina zagaya tef a ƙirjinta sai ta ja baya tana cije leɓe.

"Yaya, a hankali."

"Me ya same ki?"

"Na hagun ne. Dokta ya ce ciwon shayarwa ne, zai wuce."

Na saki labule na ce ta buɗe in gani. Shekara ashirin ina auna jikin mata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Nonon ya kumbura ya kusa ninka ɗan'uwansa, ya yi ja mai duhu, ga zafi kamar an sauke shi daga wuta. Fatar ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemu, kan nonon ya shige ciki. Na lalluba ko zan ji ƙullutu, ban ji komai ba.

"Tun yaushe?"

"Sati bakwai ke nan."

"Wane asibiti kuka je?"

Ta yi ɗan murmushi. "Haba Yaya, ni da nake da asibiti a gida?"

Mijinta take nufi. Ba likita ba ne. Kemis gare shi a bakin titi, tsakanin mai faci da mai aski. Farar riga ya saya, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, unguwa ta laƙaba masa Dokta, shi kuma ya amsa har ya manta sunan na aro ne. Sati bakwai yana ɗirka wa ƙanwata kafso kala-kala da allura safe da yamma.

Na same shi a shago yana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyi a leda. Da ta tafi na gaya masa ina son kai Auta babban asibiti. Ya yi dariya ya gyara farar rigarsa.

"Yaya ke nan. Ke da almakashi, mu da allura. Kowa ya tsaya a fagensa."

"Fagenka sati bakwai bai yi komai ba."

Fuskarsa ta canja, amma mai aski na jin mu, sai ya daure. "Ku je. Abin da na faɗa shi za su maimaita muku, ku dawo kuna ba ni haƙuri."

Likitar da ta duba ta mace ce, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana kallon fatar, ta taɓa hammata, ta tambayi irin magungunan da aka sha. Sannan ta ce za a yi hoto, kuma za su ciri ɗan ƙanƙanin nama da fata a kai gwaji, a dawo bayan kwana goma. Da nas ta zo cike kati ta ce lambar wayar wa za a rubuta, Auta ta ba da ta mijinta. Ina tsaye a wurin, ban ga laifin haka ba. Wace mace ce ba ta ba da lambar mijinta?

Ranar karɓar sakamako Dokta ya ce kada mu wahala, shi zai karɓo tun da hanyarsa ce ta sarin magani. Da la'asar ya biyo ta shagona yana washe baki.

"To, Yaya, sai a ba ni haƙurin. Ba komai. Ciwon shayarwa ne mai taurin kai, sun ce in ci gaba da abin da nake yi."

Na yi hamdala. Har haƙurin na ba shi. Wannan haƙuri yana nan tsaye a maƙogwarona har yau.

Wata ɗaya ya wuce, jaririyar ta ƙi kama na hagun sam. Wata na biyu kaluluwa ta fito wa Auta a hammata da saman ƙashin wuya. Hannun hagu ya fara kumbura daga kafaɗa har yatsu, sai da aka yanke zobenta da fulaya. Duk zuwan da na yi gidan, zan same ta ko a bakin famfo tana wanki da hannu ɗaya, ko a kicin ta jingina da bango tana haki.

Uwar mijin, Hajiya, a gidan take zaune. Daga kan tabarmarta take ba da fatawa.

"Yaran yanzu son jiki. Mu da muka haifi tara, wane irin kumburin nono ne ba mu gani ba? Ganye muke dafawa mu gasa, mu tashi mu ci gaba da aiki."

"Hajiya, dubi hannunta fa."

"Ina gani. Tun da kika kai ta aka tsikare ta da ƙarfe abin ya ƙaru. Da lafiya lau take samun sauƙi."

Idan na ce a koma asibiti, Dokta ya ce an riga an je. Idan na ce a canja wani, ya ce sabon magani ya iso masa daga waje, a ba shi sati biyu. Sati biyun su ƙare ya nemi wasu. Auta kuma ta riƙe ni da ido tana roƙo. "Yaya, ki bari. Idan kin tafi ni ake wa fushi."

A wata na huɗu bayanta ya riƙe. Ta daina iya goya 'yarta. Fatar nonon ta tsage tana zubar da ruwa, sai tsumma take naɗawa. Dokta ya ƙaura ɗakin baƙi, wai wari na hana shi barci kuma yana da marasa lafiya da zai gani da safe.

Ni hawan jini ya kai ni babban asibitin nan, ba maganar Auta ba. Ina kan layi wata nas ta tsaya ta ƙura mini ido.

"Ba ke ce mai ɗinki ba, da kika kawo ƙanwarki mai jego?"

"Ni ce."

"Yaya jikin nata? An fara mata maganin a can ɗin?"

"Can ina?"

"Mijin ya ce kun kai ta wani asibiti." Ta ga fuskata, sai ta kama hannuna. "Zo mu je wajen likita."

Likitar ta sa aka ɗauko fayil. Ta buɗe, ta juyo mini da shi duk da ba na jin rubutunsu.

"Sankarar mama ce, irin wadda ba a cika gani ba. Ba ta yin ƙullutu. Tana toshe 'yan hanyoyin ruwa da ke cikin fata, shi ya sa nono ke kumbura ya yi ja, a ɗauka ciwon shayarwa ne. Kuma tana da gudu. Wasu ana lissafa musu wata, ita wannan sati ake lissafawa. Ranar da mijin ya zo, a kujerar da kike zaune ya zauna. Na so matar ta zo da kanta, ya ce ba ta iya fitowa, zai kawo ta washegari. Na gaya masa a cikin satin za a fara ƙarin ruwa na maganin daji, in ya lafa a yi aiki, sannan a gasa wurin da na'ura. Na sa ya maimaita mini. Ya sa hannu a nan. Bayan haka sau huɗu muna kiran sa. A na huɗun ya ce kun tafi wani wuri."

"Da an kawo ta lokacin, da ta warke?"

"Ba zan ce miki tabbas ba. Ciwo ne mai wuya ko an zo da wuri. Amma da muna da abin yi da yawa. Ki kawo ta yau."

Ban san yadda na isa gidan ba. Da azahar ce, Dokta ya dawo cin abinci, yana zaune a falo da faranti a gabansa, Hajiya na gefe. Ban yi sallama ba.

"Ina takardar da likita ta ba ka?"

Lomar ta tsaya masa a hannu. Bai ma yi ƙoƙarin musu ba.

"Yaya, zauna mu yi magana ta hankali. Na ɓoye ne don kada hankalinta ya tashi. Mai daji tsoro ke kashe shi kafin ciwon."

"Sai ka bar ciwon ya yi aikinsa a natse."

"Yanke mata nono fa suka ce za su yi! Yarinya 'yar shekara ashirin da shida. In an yanke, me ya rage? Ga shi za su hana ta shayarwa, gashinta ya zube. Ni na san illar magungunan nan, ke ba ki sani ba. Kuma ki duba matsayina. Mata nawa ke kawo mini irin wannan ina warkarwa? A ji cewa matar Dokta ta gagare shi, wa zai sake taka shagona?"

Na juya wajen Hajiya. "Ke ma kin sani?"

Ta gyara mayafi. "Ya gaya mini, na ce ya yi daidai. Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya san haka. Kuma cuta da magani duk na Allah ne. Wanda kwanansa bai ƙare ba ko a jeji ya kwanta zai tashi."

Sai muka ji motsi. Auta ce a ƙofar ɗaki, ta dafa bango, hannun nan mai kumburi na rataye kamar ba nata ba. Ta ji komai. Na zaci za ta yi kuka ko ta zube. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ina takardar?" ta tambaye shi.

"Na yaga."

Ta gyaɗa kai. "Yaya, ɗauko mini yarinyar."

A ranar na kai ta asibiti, daga can ta koma gidana da zama. Hoton da aka sake yi ya nuna ciwon ya shiga ƙashin baya da hanta. Likitar ta gaya wa Auta da bakinta, ba ta ɓoye mata komai ba, don Auta ta ce wanda ya sake ɓoye mata wani abu ba ta yafe ba. Maganar aiki ta wuce. Abin da ya rage shi ne a rage wa ciwon gudu, a sassauta mata zafi.

Duk bayan sati uku nake kai ta ƙarin ruwa. Ta yi amai har sai ta galabaita, bakinta ya yi gyambo, gashinta ya bi mataji ya zube. Aka yaye jaririyar da madarar gwangwani. Amma maganin ya yi aiki. Bayan zagaye na uku jan ya ragu, kumburin ya sauka, gyambon ya fara bushewa. Ranar da ta ga haka ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko.

"Dubi, Yaya. Ashe yana jin magani. Ashe da yana jin magani tun can."

Dokta bai sake ta ba. Ba don so ba, don kada a ce ya saki mara lafiya. Yakan aiko da lemu da gaisuwa, a masallaci kuma yana karɓar jaje, yana cewa dangin matar sun ɗauke ta sun kai ta inda ake zuba mata guba.

Wannan magana ta iso kunnen Auta. Washegari ta sa na karɓo mata kwafin sakamakon a asibiti. Sannan ta ce, "Ki ara mini farar kujerar robar nan, ki samo mana mota."

"Ina za mu?"

"Shagon mijina. Zan taya shi ciniki."

Ƙarfe tara na safe na ajiye mata kujera a inuwar rumfarsa, daidai ƙofa. Ta zauna, takarda a cinya. Dokta ya fito a gigice.

"Mene ne haka? Ki tashi mu shiga ciki."

"Nan ma ya yi. Iska nake sha."

"Don girman Allah ki rufa mini asiri."

"Ai rufin asirinka ne ya kawo ni nan."

Wata mata ta iso da yaro a kafaɗa. Auta ta yi mata sallama da murya a sanyaye.

"Baiwar Allah, kafin ki shiga. Ni ce matar Dokta. Ki dube ni da kyau." Ta ɗan zame ɗankwali, matar ta ga kan babu gashi ko ɗaya. Ta ɗaga hannun mai kumburi. "Asibiti sun ce daji ne, suka ba shi takarda, ya yaga, ya yi wata huɗu yana yi mini allurar ciwon shayarwa. Ni da nake haifa masa 'ya'ya ke nan. Ke kuma da ba ki haɗa komai da shi ba, ki shiga in kina so."

Matar ta dubi Auta, ta dubi farar rigar, ta gyara yaronta ta juya.

Haka muka yi kullum, daga tara zuwa sha ɗaya, iyakar abin da jikinta zai ɗauka. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Duk wanda ya iya karatu ta miƙa masa takarda. Dokta ya rasa yadda zai yi. Ba dama ya kore ta a gaban jama'a, matarsa ce kuma mara lafiya. In ya rufe shago, ya amsa laifi ke nan. Sai ya zauna a ciki kamar ɓera a tarko, yana leƙe ta tsakanin kwalabe. Mai aski, wanda da shi ne babban mai yi masa kirari, shi ya riƙa kawo mata ruwan sanyi.

A kwana na biyar Hajiya ta zo da kanta, tana huci.

"Ke wace irin mace ce? Mace ta gari ko mutuwa za ta yi a ɗakinta take yi, ba a titi ba!"

"Na gwada ta ɗakin, Hajiya," in ji Auta. "Kina kan tabarma kina kallo."

Mata suka fara tsayawa, ba don sayen magani ba. Wata ta kawo 'yarta mai jan ƙafa, ta ce tun allurar da ya yi mata a ɗuwawu ƙafar ba ta sake daidai ba. Wata ta ce ita ma akwai abin da take ji a nono wata biyu, shi yake ba ta kafso. Auta ta kama hannunta ta ce, "Gobe ki tafi babban asibiti, kuma lambarki za ki bayar, ba ta kowa ba." A kwana na goma sha biyu jami'an hukumar magunguna suka zo da mota. Suka nemi takardar shaidarsa, babu. Suka kwashe katan-katan, suka garƙame ƙofar da kwaɗo biyu. Auta na zaune tana kallo har suka gama. Sannan ta ce in kai ta gida, ta gaji.

Daga nan jikin ya juya. Maganin ya daina riƙe ciwon, idanunta suka yi rawaya, cikinta ya kumbura. Likitar ta ƙara mata maganin zafi ta ce mu bar ta kusa da 'yarta.

Wata la'asar Dokta ya zo gidana da liman da kawunsa. Ya rame, ba farar riga. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan falalar yafiya, ya ce bai kamata bawa ya tafi da nauyin wani a zuciya ba. Dokta ya durƙusa a bakin gado yana hawaye.

"Ki yafe mini. Sharrin shaiɗan ne."

Auta ta dube shi. Muryarta ta yi rauni, sai da muka matsa muka ji.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka karɓo takardar, da ka dawo gida, ka ci abinci?"

Ya juya ya dubi liman.

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci."

"Har ƙari ka nema. Ni na tashi na zubo maka, ina dafe da ƙirji. Ka dube ni ka ce gishiri ya yi yawa." Ta numfasa. "Malam, na ji wa'azinka, Allah ya saka. Amma haƙƙina ne, ko ba nawa ba ne?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Naki ne."

"To ban yafe ba. Ya riƙe hawayensa, akwai inda za mu tsaya ni da shi."

Ta juya fuskarta bango. Bayan kwana tara, da hantsi, ta cika, 'yarta na wasa da gefen zanenta.

A wajen zaman makoki Dokta ne a gaba. Mutane na miƙa masa hannu suna cewa sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Wasu har suna raɗa cewa marigayiyar ta cika riƙo, ta tozarta mijinta a titi, ta tafi ba ta yafe ba. Ban ji wanda ya ce shi ya cika mugunta ba. A wurinmu mace ta ruɓe a ɗaki ba abin kunya ba ne, abin kunyar shi ne ta fito ta faɗi wanda ya rufe ƙofar. Kwana ya ƙare, na yarda, ba mai ƙara wa wani minti ɗaya. Amma ba ƙaddara ce ta sa hannu a fayil ba, ba ita ta yaga takarda ba, ba ita aka kira sau huɗu ta yi ƙarya ba.

Ko wata biyar ba a yi ba na ji ya buɗe wani shagon a can ƙarshen gari, inda ba a san shi ba, da sunan ƙaninsa a jikin allo. Kwana uku na yi ina tambaya kafin na gano wurin. Na rufe shagona, na goya 'yar Auta, na tafi. Yana ganina ya miƙe, kwalbar da ke hannunsa ta faɗi ta fashe.

"Yaya, me kuma ya rage? Ta riga ta tafi."

"Ita ta tafi," na ce masa. "Ni lafiyata ƙalau."

Wata yarinya mai ciki tana tahowa da takardar magani a hannu. Na tare ta tun kafin ta taka dandamalin shagon.